Tsohon da Ya Durƙusa

Rabi'a na zaune a kan darduma tana cire ƙwallayen dabino, mijinta Abdulwahab na kishingiɗe kusa da ita yana ba ta labarin wani birni da aka yi wa ƙawanya har yara suka girma ba su san zaman lafiya ba. Haka suke yi kullum bayan la'asar a ɗan gidansu na unguwar Ƙurban. Shi mutumin Zariya ne, Turanci yake koyarwa a Madina, amma abin da ya karanta a jami'a, yake kuma rubuta digirinsa na uku a kai, shi ne waƙoƙin yaƙi na Girkawan dauri. Ita kuwa haifaffiyar Madina ce, jikar mahajjatan da suka tako da ƙafa daga ƙasar Hausa suka ƙi komawa. Hausarta duk ta sha Larabci, shi ya sa yake tsokanarta, ita kuma ta rama da cewa ta auri mutumin da ya san rigimar allolin ƙarya fiye da hanyar kasuwa. Suna son juna ƙwarai, ga ƙaramin ciki na fari.

"Ya'ni su allolin nan nasu ba su da aiki sai haɗa mutane faɗa?" in ji ta.

"Ba su da shi. Su kam ƙarya ce tsagwaronta. Amma kukan da mutane ke yi a cikin waƙar, wannan ba ƙarya ba ne."

Ana cikin haka yayanta Bature ya yi sallama. Saurayi ne mai tsoron Allah da zafin kai, irin wanda a 'yan shekarun nan ya sami sababbin abokai ya daina dariya. Bai ko zauna ba idonsa ya faɗa kan littafin da ke buɗe. A shafin akwai hoton zanen wata tsohuwar tukunya: wani tsoho mai farin gemu ya durƙusa, ya miƙa hannuwa ga wani ƙaƙƙarfa da ke zaune a kan kujera. Bature ya ce wannan sujada ce ga gunki, kuma a garin Manzo ake ajiye ta. Abdulwahab ya buɗe baki zai yi bayani, Bature ya fizge littafin ya fice.

Mahaifinsu, Alhaji Haladu, mai sayar da dabino ne kusa da masallacin Ƙuba. Dattijo ne mai gaskiya, sai dai magana ɗaya yake ji, wadda ta fara shiga kunnensa. Kashegari ya kira Rabi'a da mijinta. Ya ɗora littafin da Bature ya kawo masa a gabansa, ya buɗe hoton, ya ce kakanninsa ba su ratsa sahara a ƙafa don a haifi jikansa a ɗakin da ake karanta labarin gumaka ba.

"Baba, don Allah a bar ni in faɗi abin da ke cikin hoton," in ji Abdulwahab.

"Ina da ido. Halas. Rabi'a ta zauna nan, kai kuma ka sawwaƙe mata."

Abdulwahab ya ce ya yarda a ƙona littattafan duka, amma matarsa ba zai saka ba. Alhaji ya tashi ya shige ciki. Rabi'a ta bi mijinta da kallo har ya sa takalmi, don ba a yi mata tarbiyyar ɗaga murya a gaban uba ba.

Daga ranar ta koma ɗakinta na 'yanmatanci. Ta rame, cikin na girma, ita tana ƙanƙancewa. Mahaifiyarta Hajiya Ƙaltume ta yi roƙon duniya, Alhaji ya ce kowa ya sake tayar masa da maganar ya ɓata da shi. Abokan Abdulwahab, likitoci da malaman jami'a 'yan Nijeriya, suka ba shi shawara ya kai ƙara mahkama, alƙali zai mayar masa da matarsa. Ya ce ba zai tsayar da uban Rabi'a gaban alƙali ba, ko da kuwa shi ke da gaskiya. Abin da ya ɗauka shi ne duk Juma'a bayan an sauko daga Harami ya zo ƙofar gidan ya yi sallama. Ba a amsawa. Yakan tsaya cikin ranar nan ta Madina mai narkar da kwalta, ya ajiye ledar 'ya'yan itace a bakin ƙofa, ya tafi. Rabi'a na leƙensa ta tagar sama tana kuka, tana jin tsoron wata Juma'ar zai gaji.

Bature kuwa ya ce zai je Umra, ya tafi bai dawo ba. Sai daga baya ya bugo tarho ya ce yana Bosniya, ya shiga yaƙi. Lokacin sanyi aka sake bugowa, wannan karon wata baƙuwar murya ce. An kashe shi, an rufe shi tare da wasu a gefen wani dutse, mai maganar ma bai iya faɗin sunan wurin ba.

Duk wanda ya san Alhaji Haladu ya san burinsa guda ne. Kakansa na kwance a Baƙi'a, maƙabartar da ke jikin Masallacin Manzo, ubansa ma haka, don wannan suka bar gida. Ya sha faɗa cewa Bature ne zai saka shi a ƙasar nan da hannunsa. Ga shi yanzu an jera kujerun ta'aziyya a ƙofar gida, babu gawa, babu wanka, babu kabari. Abokan Bature suka zo suna ce masa mabruk, wato barka, suna cewa ba a kuka a irin wannan mutuwa. Tsohon ya amsa musu da kai. Ya zauna ido a bushe, ya daina cin abinci, kantin dabino ya zauna a rufe.

Juma'ar da ta biyo bayan watsewar masu ta'aziyya, Abdulwahab ya yi sallama kamar kullum, sai ya ji an ce ya shigo. Rabi'a, da aka sa ta kawo gahawa, ta maƙale a bayan labule. Littafin nan na kan cinyar mahaifinta. Ya ce da safe ya ɗauko shi zai ƙona, don abin da Bature ya so ke nan, sai ya buɗe.

"Na tsufa ina ganin fuskokin masu ibada a Harami," in ji shi. "Tun safe nake kallon tsohon nan. Wannan ba fuskar mai ibada ba ce. Me yake roƙo?"

Abdulwahab ya gaya masa. Tsohon sarki ne, an kashe ɗansa a bakin ganuwa, wanda ya kashe shi kuma ya riƙe gawar ya hana. Na kan kujerar ba gunki ba ne, shi ne makashin. Uban ya bar fadarsa, ya shiga sansanin abokan gaba ba makami, ya durƙusa yana roƙon a ba shi ɗansa ya yi masa sutura.

Alhaji ya sake duban hoton. "An ba shi?"

"An ba shi, Baba."

"Mai bautar gumaka ya sami wanke ɗansa," in ji tsohon. "Ni ga ni a Madina, Baƙi'a na nan kusa da ni, ban ma san wanda zan durƙusa wa ba."

Sai kukan ya ƙwace masa, kukan da aka hana shi tun ranar tarho. Abdulwahab ya matsa ya riƙe kafaɗunsa, ya tuna masa cewa a garin nan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar wa ɗansa hawaye. A bayan labule Rabi'a ta ajiye butar gahawa a ƙasa.

Da ya natsa ya kira sunanta, ya ce ta ɗauko abayarta.

"Ɗaya ya tafi inda ƙafata ba za ta kai ba," ya ce. "Ke kuwa ni na riƙe ki da hannuna na hana ki ɗakinki. Bi mijinki, ki yafe mini."

Ta durƙusa ta kama hannunsa tana cewa ba komai, ya Baba, ba komai.

Haƙurin Abdulwahab da biyayyar Rabi'a sun mayar musu da aurensu, ta haifi ɗanta a ɗakin mijinta. Mai karatu ya lura, abin da ya raba su watanni tambaya ce guda da aka ƙi yi a ranar farko, don haka kada fushi ya sa ka yanke wa mutum hukunci kafin ka ji ta bakinsa. Bature dai bai dawo ba. Duk Juma'a akan ga Alhaji Haladu ya dafa kafaɗar surukinsa sun shiga Baƙi'a, ya yi wa kakansa da ubansa addu'a, sannan ya juya arewa, sashen da ɗansa ke kwance, ya daɗe a tsaye.