Jakunkunan da Aka Sauya wa Suna

Da safiyar Litinin rahoton ya iso caji ofis: an kwashe sabbin jakunkunan mata daga siton wani kamfanin ɗinkin fata. Sufeto ya ɗauki Saje suka nufi wurin.

Mai kamfanin, wadda kowa ke kira Uwar Jaka, tana tsaye a bakin sito, hannu a ƙugu. Da keken ɗinki ɗaya ta fara a barandar gidan haya, yanzu teloli sun cika mata ɗaki biyu. Tun da kuɗin jakunkunan waje ya fi ƙarfin masu albashi, matan ofis da malaman makaranta suka dawo wurinta. Kayanta sun fi na bakin titi ƙarko, ba su kai na manyan kantuna tsada ba.

"Sabon samfuri ne, jibi za mu fitar da shi," ta ce.

Sufeto ya duba kwaɗon ƙofa. Babu alamar ɓalli.

"Wa ke da mabuɗi?"

"Ni, sai ƙanena Auta. Shi ne manajan talla."

Saje ya juye kwandon shara. Ƙananan tambura na ƙarfe suka zubo, kowanne ɗauke da sunan kamfanin. An ɓamɓare su ne daga jikin jakunkunan. Ɗaya yana da busasshen jini a gefe.

Uwar Jaka ta tsuguna ta ɗauki guda, ta goge shi da gefen mayafinta.

"Ya ɗauki jakata, ya jefa sunana a shara."

Aka kira mai gadi, dattijo mai yawan rantsuwa.

"Jiya Lahadi ko kyanwa ba ta shigo ba, yallaɓai."

"Baba, mai wankin motar da ke ƙetaren titi ya ce tun azahar bencinka babu kowa," in ji Sufeto.

Dattijon ya sunkuyar da kai.

"Jikata ce a asibiti. An ba ni izini na je na dubo ta."

"Wa ya ba ka?"

"Auta. Shi ma ya biya mini kuɗin mota."

Auta ya shigo cikin kwat mai tsada, ƙamshin turare na binsa. Ya ce tausayin tsoho ya ji, shi kuwa a gida ya wuni. Babban yatsansa na dama naɗe yake da filasta.

"Me ya sami hannun?"

"Ƙofar mota ce ta datse ni."

Sufeto ya fita. Ya koma wurin mai wankin mota, wanda ya tuna da wata farar motar ɗaukar kaya, da sunan wani babban kanti a jikinta.

Kantin yana unguwar masu hali, gilashi tun daga ƙasa har rufi, sanyin na'ura kamar cikin firji. Sufeto ya tafi da Uwar Jaka. A kan wani teburi, ƙarƙashin fitila, jakunkuna ruwan ƙasa ne a jere, kowacce da tambari mai ruwan zinariya na wani kamfanin waje. Kuɗin guda ɗaya ya kai albashin Saje na rabin shekara.

"Ta jirgi suka iso makon jiya," in ji mai kantin, tana murmushi. "Irin wannan ɗinkin ba a iya shi a nan."

Uwar Jaka ta buɗe ɗaya ta nuna wa Sufeto wani siririn aljihu a ciki.

"Na biro ne. Wata malama ce ta ce kullum tawada na ɓata mata jaka."

Sufeto ya sa farce ya ɗaga tambarin zinariyar. A ƙarƙashinsa ga ƙananan huji biyu, daidai faɗin tambarin da aka tsinta a shara.

"Hajiya, ko ki faɗa mini wanda ya kawo, ko ki rufe kanti mu tafi tare."

Murmushin ya ɗauke. Ta kira suna.

A ɗakin tambayoyi, Sufeto ya ajiye tambarin mai jini a gaban Auta.

"Kwance filastar mu ga irin haƙoran ƙofar motarka."

Yanka ne siriri, irin na kaifin ƙarfe. Auta ya dube shi, sannan ya gyara zaman kwat ɗinsa. Yayarsa tana zaune a gefe, da ita ya yi magana.

"Ni ne, Yaya. Shekara nawa ina ce miki mu ƙara kuɗi, mu sa suna irin na Turawa, mu buɗe kanti a unguwar manya? Kika ƙi. To ga shi, na sauya suna kawai, matar da ba ta taɓa kallon shagonmu ba ta saya ko tayi ba ta yi ba. Na nuna miki darajar kayanki."

"Kai ne ba ka sani ba sai da baƙo ya gaya maka," ta ce a hankali. "Ni tun ranar da na yanka fatar na san abin da na yi. Na ƙara kuɗi da fata ta yi tsada, na kuma gaya wa masu saye dalili. Amma matar da ta riƙe ni tun ina baranda ba zan kore ta daga shagona ba."

"Yaya, ki ce a sasanta a gida."

"Tsohon da ka so a ɗora wa laifin fa, a gidan wa za a sasanta nasa?"

Saje ya sa masa ankwa ya fita da shi. Ba ta juya ta kalle shi ba.

Sufeto ya ce jakunkunan za su zauna a hannun hukuma a matsayin shaida har a gama shari'a.

Ta miƙe ta gyara mayafi.

"Na yarda. Amma ranar da za a ɗaga su a gaban alƙali, Sufeto, da sunan kamfanina za a kira su."

"Da shi za a kira su," ya ce.