Ƙibar Sama'ila

Hajiya Uwani ta tsaya a tsakar gidansu na Unguwar Kanawa tana shafa kumatun autanta Sama'ila, bakin nan ya ƙi rufuwa.

"Ku dubi yaron da ciwon daji ya mayar kamar tsinke, yau ga kumatu har da wuya. Ranar Juma'a zan yi sadaka, dangi su zo su gani."

Matarsa Ummukulthum na gefe tana tsintar shinkafa. Ita ke kwana ɗaki ɗaya da shi, ta san kwana uku ke nan fitsarinsa bai fi rabin kofi ba. Takalminsa ya daina shiga, in ta danna ƙafar sai yatsa ya bar rami. Tun ranar da aka fara ɗaura masa maganin nan mai zaburar da garkuwar jiki, likita ta ja mata kunne: wani lokaci garkuwar kan wuce dajin ta far wa ƙoda, jini ya hau. Ta ce da zarar ta ga kumburi, ta kawo shi a ranar.

To, amma wace suruka ce za ta buɗe baki ta yi wa uwar miji zancen fitsarin ɗanta?

Ta durƙusa dai, murya ƙasa-ƙasa. "Hajiya, ina ganin kamar kumburi ne."

"Kumburi? Wata takwas ina kuka, yau Allah ya share mini hawaye, ke kuma kin zo da baƙin baki. Tashi ki dama masa kunun kanwa."

A ɗaki ta fashe da kuka. Sama'ila ya kamo hannunta, numfashinsa na fita da ƙyar.

"Haba Ummuna, rabon Hajiya da dariya tun bara. Ki bar mata kwana biyun nan, Asabar mu tafi asibiti, *please*."

Tana son mutumin nan, kuma bai taɓa roƙon ta komai ba tun da ya kwanta. Ta gyaɗa kai, ita kanta ta san ba daidai ta yi ba.

Ranar Juma'a gida ya cika, ana ta barka da arziki. Sama'ila ya miƙe zai gaida yayansa Lawan, sai jiri ya kwashe shi ya zube. Ummukulthum ta ratsa maza ko mayafi babu.

"Yaya, a ɗauko mota. Kwana biyar ba ya fitsari."

A asibiti likita ta ce ƙodojin biyu sun kumbura, sai an yi wankin ƙoda, za su farfaɗo ko ba za su farfaɗo ba sai an gani. Maganin dajin kuwa, wanda ya fara cin ciwon, dole a dakatar da shi.

"Madam, ba na gargaɗe ki ba? Me ya hana ki kawo shi?"

Ummukulthum ta sunkuyar da kai, ta shirya ɗaukar laifin ita kaɗai. Sai ta ji hannu a kafaɗarta.

"Likita, yarinyar nan ta faɗa mini," in ji Hajiya. "Ni na rufe mata baki."

Kunya ado ce, babu musu, amma wanda ya ga alamar ciwo ya yi shiru don kunya ya cuci wanda yake so. Haƙurin Ummukulthum ya samo mata uwa a ranar, sai dai su biyun a benci ɗaya suka zauna, suna jiran a buɗe ƙofa a faɗa musu ko yana da sauran kwana.