Wasiƙar da Aka Yanke daga Fayil

Da hantsi aka kira Sufeto Nadim Harfush wani ƙaramin gidan caca da ke bakin teku a arewacin Beirut. Sabuwar doka ta ce dangi na iya rubuto wasiƙa a hana mutum shiga, kuma gidan da ya ɓatar da wasiƙa ɗaya, lasisinsa ya tafi. To, ɗaya ta ɓata, masu dubawa kuma gobe suke tafe.

"Maigadi ne!" in ji manaja. "Tanios ya ci hanci!"

Sufeto ya buɗe fayil. Da reza aka yanke takardar, a tsanake. Ɓarawo mai sauri ba ya irin wannan ladabi.

"Ta wane ne?"

"Ta Ustaz Najib, tsohon malamin makaranta. Ɗansa ne ya aiko daga Brazil."

"Sunan tsohon na cikin kwamfuta, a jerin waɗanda aka hana shiga?"

"Yana nan."

"Ashe satar ba za ta buɗe masa ƙofa ba."

Tanios ya rantse har da hawaye bai bar kowa ya shiga ba. Da Sufeto ya ambaci kurkuku, rantsuwa ta yi laushi.

"Ranka ya daɗe, jiya Ustaz Najib ya roƙi shiga bayi. Shi ya koya mini karatu, in ce masa a'a?"

Sufeto ya sami tsohon a gida, kofin gahawa ɗaya a tebur mai kujera shida. Abin ya sosa masa rai, don shi ma haka teburinsa yake.

"Ustaz, jiya ka shiga ofishin manaja?"

"Ni? Ɗana, ko hanyar ban bi ba."

"To sai in tafi da Tanios. 'Ya'yansa huɗu."

Sai tsohon ya zaro takardar daga aljihun ƙirji, a naɗe cikin hankici.

"Shekara goma sha ɗaya ɗana Ziyad bai rubuto mini ko gaisuwa ba. Da ya tashi rubutu, masu gidan caca ya rubuta wa. Na roƙi su nuna mini, suka ce doka ta hana. Dubi nan, ya ce 'mahaifina'. Da hannunsa."

"Ka san dole mu tafi?"

"Na sani. Bari in ƙara karantawa sau ɗaya."

Sufeto ya juya baya yana kallon taga har ya gama. Sannan ya riƙe masa hannu suka sauka, don matakalar ba ta da abin dafawa.