Maigadin Sarki Mai Barci

Duk dangi sun san Sabi'u da baki. Daren da aka taru a gidansu na Malumfashi saboda bikin suna, an ɗauke wuta bayan isha'i, 'ya'yan baffansa da suka zo daga Jos suka kewaye shi a kan tabarma. Ya gyara hula, ya shafa furfurar gemunsa guda huɗu da yake ji da su kamar gadon gidansu.

"Ni da kuke gani," in ji shi, "ba a taɓa yi mini ƙarya ta wuce ba. Mutum ko aljan. Murya kawai zan ji, in san abin da ke ƙarƙashinta."

"Har aljan, Yaya?" in ji Ladidi, babbarsu.

"Har na Turawa. Matso, ki rage murya."

Shekara goma sha biyu ke nan, lokacin Sabi'u yana gadin dare a yammacin Birtaniya, a wani tudu da babu kowa sai tumaki da yayyafi. Masu tonon kayan tarihi ne suka kafa sansani a wurin. Wani sarki suke nema, wanda aka ce ya yi zamani shekara dubu da ɗari biyar da suka wuce, ya tare mahara daga teku har ya samu rauni a yaƙinsa na ƙarshe. Malamansu kullum cikin gardama. Wannan ya ce an yi sarkin, wancan ya ce tatsuniya ce. Tsofaffin ƙauyen kuwa cewa suke bai mutu ba, barci yake yi a cikin tudun, zai tashi ranar da ƙasarsa ta shiga uku. Sabi'u bai damu da ko wanne ba. Aikinsa ya zauna a bakin kwantena da tocila, kada a sace shebur.

Abin da ya dame shi na gida ne. Inna, mahaifiyarsa, ta kwanta ciwo tun damina. Takardun zamansa kuma irin waɗanda in ka fita ƙofa ta rufe ne, babu komawa. Shi ya sa kowace Juma'a yake kiran yayarsa Asabe, wadda ke jinyar, da tambaya guda: ya taho, ko ya tsaya?

"Yaya Asabe, ya jikin Inna?"

"Da sauƙi."

"Ba ni ita mu gaisa."

"Barci take yi. Ka zauna kan aikinka."

Sai ya zauna.

Ran wata Laraba, tumakin tudun suka yi shiru gaba ɗaya. Yayyafi bai tsaya ba, amma ya daina ƙara a kan kwanon kwantena. Sabi'u ya ɗaga tocila. Ga wani tsoho tsaye a bakin ramin da aka tona, dogo, Bature, sanye da sulken da tsatsa ta cinye. Ruwa na sauka ko'ina ban da kafaɗunsa.

"Sannu da aiki, maigadi."

Da Hausa. Hausa irin ta kakannin kakanni, mai nauyi. Kuma sai da tsohon ya rufe baki sannan muryar ta iso, kamar daga cikin rijiya.

Sabi'u ya sauke hasken ƙasa. Ƙafafun babu takalmi. Gansakuka ta tsiro a kansu har idon sawu, kamar ƙafar da ta daɗe a tsaye wuri guda. Taɓo ko'ina, amma babu sawu ko ɗaya a bayansa.

"Ba ka gudu ba, Yaya?" in ji Mudi, ƙanen Ladidi.

"Ni? Ai ƙafafuna ne ma suka ƙi tashi, don tsabar jarumta."

Tsohon ya matso taku ɗaya. "Ya mutanen ƙasa?"

Bakin Sabi'u ya riga hankalinsa. Ɗan Malumfashi ne, an gaishe shi. "Lafiya lau, Baba."

Tsohon ya sunkuyar da kai, ya juya bayan tudun, ya ɓace.

Daren Alhamis ya dawo. Wannan karon Sabi'u ya zuba masa shayi a murfin filas, don ba a barin baƙo haka. Tsohon ya riƙe murfin da hannu biyu. Tururin ya mutu nan take. Bai sha ba.

"Ya mutanen ƙasa?"

"Lafiya ƙalau, Baba. Sai godiya."

Tsohon ya ajiye shayin, ya tafi.

Daren Juma'a Sabi'u ya fara kiran gida. Da sauƙi. Barci take yi. Yana mayar da waya aljihu sai ya ga tsohon zaune a gefensa, a kan buhun yashi. Bai ji zuwansa ba.

"Maigadi." Muryar ta jinkirta fiye da kullum. "Ka yi tunani kafin ka amsa. Ya mutanen ƙasa?"

Sabi'u ya yi tunani, ya ga cewa tsoho mai wannan shekaru bai kamata a ɗora masa damuwa ba. "Kowa lafiya, Baba. Ka kwantar da hankalinka."

Sai tsohon ya yi kuka. Babu sauti. Hawaye kawai, suna bin tsatsar sulken.

"Ni ma maigadi ne," ya ce. "Ranar da muka shigar da sarki cikin tudun nan, jini na zuba daga haƙarƙarinsa, ya kama hannuna. Ya ce in tsaya a ƙofa. Duk shekara ɗari in fito dare uku, in tambayi wanda na samu a farke. In ya ce mini ba lafiya, in tashe shi, ni kuma in kwanta. Sau goma sha huɗu ina fitowa. Duk wanda ya gan ni gudu yake yi. Kai ne na farko da ya tsaya ya amsa. Kuma ka ce lafiya. Sau uku."

"Haba Baba!" Sabi'u ya miƙe. "Ai gaisuwa ce! Sake tambayata, wallahi in cika maka kunne. Ƙasar nan cike take da tsofaffin da ba mai leƙa su."

"Ukun sun ƙare."

"Mu haka muke amsawa. Ko gidan mutum na cin wuta, in ka gaishe shi lafiya lau zai ce."

Tsohon ya dube shi. "Ko mai ciwon ajali?"

"Ko shi. Sai a ce da sauƙi."

Maganar ta fita, ta tsaya a tsakaninsu. Sabi'u ya ji wayar da ke aljihunsa ta yi nauyi.

"Wa ke ce maka da sauƙi?" in ji tsohon.

Sabi'u ya koma ya zauna. Sun daɗe a haka, masu gadi biyu, yayyafi na jiƙa ɗaya yana tsallake ɗayan. Can Sabi'u ya ce, "Baba, shi sarkin naka, yaushe rabonka da ka ga yana numfashi?"

"Barci yake yi."

"Ka leƙa?"

Bakin tsohon ya motsa, ya rufe. An jima kafin muryar ta iso.

"Ina tsoro."

Ya cusa hannu cikin sulke, ya fito da 'yar ƙararrawa baƙa, sanyinta kamar ƙanƙara. "Da ita zan tashe shi. Sai nan da shekara ɗari zan buƙace ta, in ma akwai wanda za a tasa. Kai naka mai barcin yana kusa. Tafi."

A nan Sabi'u ya dakata da labarin. Ya zura hannu cikin aljihun riga, ya ciro ƙararrawa, ya kaɗa sau ɗaya cikin duhu. Mudi ya ƙanƙame hannun Ladidi.

"Asuba na yi na ajiye musu tocilarsu," in ji shi. "Ban waiwayi takarda ba. Na shigo gidan nan ana kiran magariba. Inna na kwance a ɗakin can, ido a rufe, an fara kuka. Na durƙusa, na kaɗa mata wannan a kunne. Ta buɗe ido. Ta ce, Sabi'u, ka zo? Na ba ta kunu da hannuna, ta shanye, ta sa mini albarka. Sai da ta kwana uku tana hira da ni sannan ta cika." Ya share maƙogwaro. "To, ku ji ni. In rabo ya kai ɗayanku ƙasar can, kada ya bi hanyar tudun can shi kaɗai. In kuma tsoho ya tambaye ku mutanen ƙasa, ku faɗa masa gaskiya."



"Sabi'u."

Asabe ce, tsaye a ƙofar ɗakin girki da 'yar fitila. Ba su san tun yaushe take wurin ba.

"Ranar sadakar bakwai ka iso."

"Yaya Asabe, labari nake ba yara."

"Wata biyu ka ƙara a can bayan wannan Juma'ar, kana kira ina ce maka da sauƙi. Ƙararrawar kuma ta wuyan tunkiyar Inna ce. Ni na cire na ba ka, da na ga kana ta zagaye ɗakin kana neman abin da za ka riƙe."

Sabi'u ya dubi ƙararrawar a tafin hannunsa. Mutumin da ba a taɓa yi wa ƙarya ta wuce ba ya juya ta da yatsa.

"Ke kika ce barci take yi," ya ce a hankali.

"Ita ta ce in faɗa, don kada ka rasa aikinka." Asabe ta ɗaga fitilar, ta haska fuskarsa. "Kai kuma ba ka taɓa cewa in tashe ta ba. Ko sau ɗaya."

Ta juya ta shiga ciki, hasken ya bi ta.

Ladidi ta matso, ta taɓa gwiwarsa. "Yaya Sabi'u, lafiya?"

Ya dunƙule ƙararrawar a hannu don kada ta yi ƙara.

"Lafiya lau," in ji shi.