Jingar Barira da Fannami

Ranar kasuwar Kirikasamma Barira ta fara ganin Fannami, a shekarar da ake shirin zaɓe, Turawa na haramar tafiya. Ɗan takara ya hau bayan mota yana rantsuwa cewa in aka zaɓe shi, gwamnati za ta gina jingar siminti, ambaliya ba za ta ƙara cin shinkafar kowa ba.

Ana cikin tafi sai wani dogon masunci, wato Fannami, ya tambaya cikin ladabi, kafin simintin ya iso wa zai toshe ɓarakar tsohuwar jinga? Aka yi masa ature. Barira kuwa ta bi shi da kallo har ƙosanta ya ƙone a kasko.

Ba a daɗe ba ya fara zuwa zance. Yana ce mata Zinariya, ita tana ce masa Mai-jirgina.

Sai dai mahaifinta Gwadabe shi ne wakilin ɗan takarar a garin, ya ce ba zai haɗa zuri'a da mai raina hukuma ba. Haladu, mai yi wa jam'iyya shela, wanda shi ma yake sonta, ya kawo mata gulmar cewa Fannami ya kira babanta maroƙi. Ta daina fitowa zance. Ranar da suka yi kiciɓis a mashaya, Fannami ya sha gabanta.

"Zinariya, ban zagi Baba ba. Cewa na yi kakanninmu da hannunsu suka ɗaga jingar nan, ba su jira kowa ba."

Ta dubi tafin hannunsa duk ya faffashe. Ashe shi kaɗai yake kafa turaku a ɓarakar.

Abin ya ƙona mata rai. Bana ba wanda ya kira gayya. Kogi na cika, maza na zaune a gindin kanya suna musun wace jam'iyya ce ta fi tausayin talaka. Ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, mu mata ba mu da ƙuri'a, ba wanda ya yi mana alkawari. Me za mu zauna jira?"

Ta ɗauki kwando ta nufi bakin ruwa. Ƙawayenta suka bi ta, sannan iyaye mata. Da maza suka ga matansu na jidar ƙasa, kunya ta tashe su ɗaya bayan ɗaya. Ruwa ya zo, jinga ta riƙe, amma an makara a gefen gabas, gonar Gwadabe ta nutse.

Da rani ɗan takara ya ci zaɓe. Gwadabe ya taka har Haɗeja don ya tuna masa alkawarin jinga, aka bar shi a zaure tun hantsi har la'asar, sannan aka ce maigida ya tafi Kaduna. Ya dawo gida. Washegari ya aika wa Fannami cewa ya turo magabatansa.

Ranar kai amarya Gwadabe ya dafa kanta.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a ɗayyiba. Kai kuma Fannami, ka yi haƙuri da ita. Ni ma da na haife ta, ta fi ƙarfina."