Amsar Dosinda

Ranar da Sabela Outeiral ta fara ganinsa, yana tsugune a yashin bakin tekun Portonabal da bokitin wasan yara, yana tono ƙumbar teku da ake ci da cokali. Rana ta riga ta gasa masa wuya. A kansa akwai irin hular mutanen da ke cika mana gari a watan Agusta, su ɗauki hoton jiragen ruwanmu, sannan su yi ƙorafin cewa tasha tana ƙarnin kifi.

"Bawan Allah, zubar."

Ya ɗago kai. "Na'am?"

"Na ce zubar. Yashin nan gona ce. Mata sittin ne suka shuka abin da kake tonowa."

"Au, shuka ta ake yi?"

"A'a, daga sama take faɗowa saboda baƙi."

Ta ɗauka zai yi musu, don duk suna yi. Shi kuwa sai ya shiga mayar da su ramukansu ɗaya bayan ɗaya, yana rufewa da yashi a hankali kamar mai binne danginsa. Sabela ta tsaya da manjagara a kafaɗa tana kallo, ta cije leɓe don kada dariya ta fito.

Sunansa Fermín. Malamin firamare ne daga Soria, can tsakiyar ƙasa inda ruwa mafi girma shi ne kogi. Hutun mako uku ya zo yi. Washegari da mata suka hauro daga yashi, suka tarar da shi a bakin gangarar tasha yana jira. Rana ta uku ma haka. A rana ta huɗu ta bar shi ya ɗaukar mata buhu, ya kusa kifawa, matan suka yi masa shewa har tashar ta amsa.

Daga nan saƙonnin waya suka fara.

"Ɗan tudu, gobe ruwa zai janye ƙarfe bakwai. Kada ka zo da cokali."

"Gishirina, zan zo da kafaɗa biyu. Na duba kalanda, saura mini kwana goma sha ɗaya. Ni ke koyar da lissafi, amma wannan ba na son sa."

Ta karanta sau uku, ta mayar da wayar cikin ledar da take ɗaurawa a ƙirji lokacin aiki.

Babu abin da ke ɓoyuwa a gari mai titi biyu. Mahaifiyarta Dosinda ita ce shugabar matan yashi. Shekara goma sha tara ke nan da jirgin mijinta ya fita bai dawo ba, kuma tun kafin nan ba wanda ya taɓa jin ta ce i ko a'a. In ka tambaye ta ko za a yi ruwa, sai ta tambaye ka ko ka yi shanya.

"Wannan mai hular," in ji Dosinda, tana fere dankali ba ta ɗago ba. "Yaushe zai koma?"

"Lahadi ta sama, Mama."

"Duk Lahadi suke komawa."

"Shi daban ne."

"Haka 'yar gidan Louzán ta ce. Yanzu tana Madrid tana goge matakalar wasu, takardar izininta ta yashi ta mutu. Kakarki ta yi aiki a yashin nan, na yi, kina yi. Mutumin da bai san lokacin dawowar ruwa ba, ina zai kai ki?"

"Kina nufin ba ki yarda ba?"

"Na ce haka?"

"To kin yarda?"

"Miƙo mini gishiri."

Akwai kuma Breixo, mai jirgin kansa, wanda shekara huɗu ke nan duk Juma'a yana kawo kifi mafi kyau gidan Dosinda, ya ajiye ya tafi. A wurinsa wannan neman aure ne, yana jiran ranar da wani zai lura. Da ya ga baƙo ya yi a mako biyu abin da ya gagare shi a shekara huɗu, sai ya fara magana, abin da bai saba ba.

"Ina malamin naki?" ya ce mata a tasha. "Na ji jiya ya yi amai a jirgin yawon shaƙatawa. Jirgin ma yana ɗaure."

"Ko yana amai yana iya buɗe baki ya faɗi abin da yake so, Breixo."

Ya yi ja har kunne, ya koma kan igiyarsa.

Ranar Laraba da yamma suna zaune a kan katangar tasha, Fermín ya riƙe hannunta, yana shafa kantar da manjagara ta yi mata.

"Zan yi wa mahaifiyarki magana."

"Ka bari in kasance a wurin."

"A'a. Namiji ne ke zuwa da ƙafarsa."

"Ɗan tudu, ba ka san ta ba."

"Yara talatin nake fuskanta kowace safiya, Gishirina. Mace ɗaya ce."

Masu soyayya suna faɗin irin wannan, shi ya sa ba a ba su tuƙin jirgi.

Alhamis ta wuce shiru. Fermín bai zo gangara ba, Dosinda ba ta ɗauko maganarsa ba, Sabela ba ta ci abincin kirki ba. Ranar Juma'a ruwa ya janye sosai, matan suka yi nisa har gari ya zama kamar akwatunan ashana a bayansu. Ƙarfe goma da minti arba'in wayar ta yi motsi a ƙirjinta. Ta goge hannu a riga ta buɗe.

"Gishirina, jiya na sami mahaifiyarki a rumfar gwanjon kifi. Na ce ina son aurenki. Na ce zan nemi a mayar da ni wata makaranta a nan kusa, ba zan raba ki da yashi ba. Na tambaye ta ko tana ganin zai yiwu. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce malo será, ta juya ta tafi. Zai yi muni. Breixo yana wurin, na tambaye shi ko na ji daidai, ya ce ai yare ɗaya muke ji. Ba zan sa ki zaɓa tsakanina da ita ba. Zan bi bas ɗin ƙarfe goma sha ɗaya. Ki yafe mini."

Ta kira. Wayar a kashe.

A bakin mutumin Soria kalmomin nan biyu suna nufin abin da suka ce, zai yi muni. A bakinmu ba haka ba ne. Su muke faɗa wa mai fita teku, da mai shiga asibiti, da ɗalibi ranar jarrabawa, ma'ana sai an yi mummunan rashin sa'a abin zai ƙi. Mutanen da teku ta ci wa maza ba sa cewa komai zai yi kyau, kada a ji su. Iyakar alherin da bakin Dosinda zai iya furtawa ke nan.

Sabela ta ratsa taɓo ta isa wurin uwarta, ta ɗora mata wayar a gaban ido.

"Mama, me kika ce masa?"

Dosinda ta karanta tana motsa leɓe. "To? Ai na ba shi amsa."

"Tafiya zai yi!"

"Don me? Na ba shi ke! Me yake so kuma, in taka masa rawa?"

"Ya ɗauka kin kore shi. Saura minti goma sha bakwai."

Matan da ke kusa suka daina tono. Dokar ƙungiya ce, ba mai barin yashi kafin a auna abin da ta samu, kuma shugaba ce ke fita ƙarshe. Dosinda ce ta kafa dokar da kanta. Ta dubi gari, ta dubi ruwan da ya fara juyowa, ta dubi 'yarta. Sai ta yar da manjagara.

"Ke, Erundina, riƙe mini matan nan."

Gudu a taɓo da takalman roba ba gudu ba ne, kokawa ce. Sabela ta faɗi sau biyu. Tana jin numfashin uwarta a bayanta kamar zuga-zugi. Lokacin da suka taka gangara agogon coci yana buga sha ɗaya, kuma bas ɗin nan, da bai taɓa tashi a kan lokaci ba tun da aka kawo shi, ya zaɓi yau.

Breixo yana loda akwatunan kifi a motarsa. Da ya gan su ya sunkuyar da kai.

"Tayar da motar," in ji Dosinda.

"Ina da kaya, kifin zai..."

"Yare ɗaya kuke ji, ko? Ɗan Carmiña, na san ka tun kana fitsarin kwance. Tayar."

Ya tayar. Hanyar fita gari ɗaya ce, mai lanƙwasa a gefen dutse, teku a ƙasa. Sabela ta riƙe ƙofa gam. Bayan gada akwai babban titi, in bas ya hau shi ya tafi ke nan. Sun hango shi a lanƙwasa ta uku. Breixo ya danna oda bai ɗaga hannu ba, ya sha gabansa dab da gadar, ya taka birki, akwatunan kifi suka zube a baya.

Dosinda ce ta fara hawa bas ɗin, taɓo har gwiwa. Direba ya buɗe baki zai yi maganar ƙasan motarsa, ya ga ko wace ce, ya rufe. Fermín yana kujerar baya da jaka a cinya, idanunsa sun kumbura. Ya miƙe.

"Ɗan tudu," in ji Sabela, "ba ka jin magana. Yarda ta yi."

"Ta ce zai yi muni."

"Haka muke cewa to!"

Ya dubi Dosinda. Ya yi ta maza. "Ku yi haƙuri, Mama. Ni baƙo ne, ban iya fassara ba. Kun ba ni ita? I ko a'a."

Rabin fasinjojin 'yan gari ne. Wata tsohuwa ta ajiye kwandonta don ta ji da kyau.

"Kai kana ganin me ya fito da ni daga yashi?"

"Mama!" in ji Sabela.

Dosinda ta juya. Ta dubi tagar da teku ke ciki, kamar mai neman izini.

"I," ta ce. "I. Sauko, kana ɓata wa mutane lokaci."

An ɗaura auren a watan Mayu, a cocin da ke kan tudu, ranar da aka duba aka ga ruwa ba zai janye da safe ba, don matan su samu zuwa. Fermín ya samu makaranta a gari na gaba. Breixo ya aiko da kifin biki, bai zo ba.

Bayan an ci an sha, aka ce uwar amarya ta sa albarka. Dosinda ta miƙe cikin baƙar rigarta, ta haɗa hannayensu a cikin nata.

"Allah Ya ba ku zaman lafiya da 'ya'ya masu jin magana. Ya ba ku tsawon rai tare. In kuma ɗaya zai riga ɗaya, Allah Ya sa kada tazarar ta yi nisa."

'Yan matan suka ce wannan ba addu'ar biki ba ce. Mu da muka san tsawon tazarar da ke tsakaninta da mijinta muka ce amin.