Majanyin Iya

"Haba Kaltume! Kalmasa na ce miki, ba cukuikuya ba. Naɗe bakin sau biyu, sannan ki soka allurar!"

Ja'afaru ke nan, akawu a Sakateriya. Ya dawo daga ofis, ko kwat bai tuɓe ba ya durƙusa a tabarma a tsakar gidansu na Unguwar Sarki yana koya wa matarsa ɗinki, shi da ya tashi cikin maɗinka a Zariya. Ɗansu na fari, Dauda, ƙiriniya gare shi. Rigar da aka sa masa da safe, kafin la'asar ta yage a hammata. Kaltume ta gaji da aike wurin tela.

"To Malam, bi ni a hankali mana. Ni ba masinjan ofishinku ba ce!"

Suna cikin dariya sai ga sallamar Iya Hansai, mahaifiyar Ja'afaru. Daga Zariya take, ta zo ɗaukar Dauda yaye, ya manta nono ta dawo da shi.

"Innalillahi! Me zan gani? Mace da allura, namiji durƙushe a gabanta! Rigar wa ce wannan?"

Kaltume ta sunkuyar da kai. "Ta yaron nan ce, Iya."

"Ta ɗan fari? Da rana tsaka? Mu a namu lokacin ko kallon ɗan fari ba ma yi a gaban mutane, balle mu zauna muna yi masa kwalliya!"

"Iya, ai zamani ne ya..."

"Rufe min baki, ɗan boko! Gidan da babu kunya ba zai riƙe min jika ba. In na tafi da shi, ya tafi ke nan. A Zariya zai girma!"

Kaltume ta shige ɗaki ta fashe da kuka. Ja'afaru ya biyo ta yana sosa ƙeya.

"Malam, ka ce wani abu mana! Kullum kana zuba Turanci da Bature, amma Hausa da Iya ta gagare ka?"

"Uwata ce, Kaltume. Ki yi haƙuri. Wallahi ni ma ba na so a raba mu da shi."

"Haƙuri! Kullum haƙuri!"

Amma ta share hawaye, ta fito ta ɗora wa Iya tuwo.

Washegari da hantsi Iya ta goya Dauda da wani tsohon majanyin saƙi, ta ce da shi ta goyi ubansa, ba ta son na kanti. Tana ɗaga ƙafa a bakin zaure, yaron ya yi wani zillo. Sai ji aka yi ɓarrr! Majanyi ya rabe, Dauda ya sulluɓo ta ka.

"Dauda!"

Kaltume ta yi tsalle ta cafe shi kafin ya kai ƙasa. Ta kama sunan ɗan fari a gaban surukarta.

Ja'afaru ya matso ya raɗa mata, "Ƙyale majanyin nan haka a yage. In aka ɓata lokaci jirgin ƙasa zai wuce ya bar su."

Ta dube shi, ta dubi Iya da ke tsaye. Sai ta miƙa masa yaron, ta ɗauko allura, ta ninka zare. Ta haɗa bakin yagewar, ta bi shi sannu, ta koma baya ta sake bi, hawaye na ɗiga a kan saƙin. Ta ƙulle, ta ja da ƙarfi ta gwada, sannan ta durƙusa.

"Ga shi, Iya. Yanzu ba zai faɗi a hanya ba."

Iya ta daɗe tana jujjuya majanyin.

"Ke yanzu, abin da zan raba ki da ɗanki da shi kika gyara min?"

Ta ja tsaki, ta goge ido da bakin mayafi.

"Kai kuma sakarai, me kake kallo? Ɗauko min ƙunshina! Yaye zan kai shi, ranar da ya manta nono ka zo ka ɗauki abinku. Wa zai iya da mai yaga riga kullum? Ni allura ba ta shiga hannuna!"

Ja'afaru ya dubi matarsa, ya tafi ɗauko ƙunshin.

'Yan'uwa mata, abin da gardama ba ta karɓo ba, ladabi da haƙuri sun karɓo. Kuma uwa ta koyi riƙe allura, don ba ta san ranar da za ta yi mata rana ba.